Gida mai sarrafa kansa a garin da wuta ba ta zama: a zuba kuɗi ko a haƙura?

Abban_Hanifa:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema kafin a rufe bango. Ginin da nake yi a Kano an rufa shi, saura wayarin da filasta. Wani matashi mai wannan sana'a ya zo ya zagaya gidan, ya ce zai haɗa mini komai a waya: fitilu, fankoki, AC, get, kyamarori, injin ruwa, har labule. Wai ina zaune a shago in kashe fitilar da yara suka bari a kunne, in buɗe wa baƙo ƙofa. Kuɗin da ya yanka ya kusa kamo na tayil ɗin gidan gaba ɗaya. A wannan wutar tamu da ke zuwa ta tafi yadda ta ga dama, abin nan yana aiki kuwa, ko ado ne kawai? Wanda ya taɓa sawa ya faɗa mini tsakani da Allah.

Dan_Kurmi:
Wa alaikumus salam. Alhaji ka sayi batir da sola da kuɗin, ka kwana lafiya. Labule kuma hannu bai gaza ba tukuna.

Injiniya_Sabo:
Alhaji, kafin a ce maka eh ko a'a, tambaya ɗaya za ka yi wa yaron: idan intanet ta ɗauke, me zai ci gaba da aiki? Amsarsa ce za ta nuna maka abin da zai sayar maka.

Kayan nan iri biyu ne. Akwai masu arha na Wi-Fi da suka cika kasuwa, yawancinsu a kan manhajar Tuya ko Smart Life suke. Kana tsakar ɗaki ka danna waya, sau da yawa saƙon sai ya je sabar kamfani, wato babbar kwamfutarsa, a wata ƙasa ya dawo kafin ƙwan da ke saman kanka ya kama. Akwai kuma waɗanda ƙwaƙwalwarsu ke cikin gidan, wato ƙaramar kwamfuta irin Raspberry Pi da aka ɗora wa manhajar Home Assistant, tana magana da makunnai ta Zigbee, wata hanyar aika saƙo ta iska da ba ta bukatar intanet. Wannan ko data ta ƙare jadawalin da ka tsara yana tafiya, abin da za ka rasa kawai shi ne iko da gidan daga nesa.

Amma abin da ya fi gaggawa yanzu ba na'ura ba ce, bango ne. Yawancin masu wayarin ɗinmu ba sa kai waya mai nutural cikin akwatin makunni, layif kawai suke saukarwa, nutural ɗin yana can sama wajen ƙwai. Makunni mai ƙwaƙwalwa kuwa yana buƙatar wuta ko da fitila a kashe take. Ka ce a kai nutural kowane akwati, a sa akwati mai zurfi, a bar fayif na banza da igiya a ciki zuwa get da tanki da kusurwoyin da kyamara za ta zauna. Wannan ba zai ci maka komai ba idan aka kwatanta da fasa filasta daga baya.

Maman_Iman:
Ni dai muna da shi, kuma zan faɗi abin da na gani. Ƙwayayen fitila masu haɗuwa da waya maigida ya sa mana. Duk sa'ad da aka ɗauke wuta aka dawo da ita, sai dukkansu su kama da cikakken haske. Ƙarfe biyun dare kina barci, kawai ɗaki ya zama rana, jaririya ta farka da kuka. Ga shi idan wani ya kashe makunnin bango, to shi ke nan, wayar ba ta ganin ƙwan sam.

Zee_Kaduna:
@Maman_Iman Anti, akwai wurin gyara wannan a cikin manhajar. Ki shiga saitin kowane ƙwai, za ki ga inda ake zaɓar yadda zai kasance idan wuta ta dawo: a kunne, a kashe, ko yadda aka bar shi. Ki zaɓi na ƙarshen. Wasu masu arha dai ba su da shi. Shi ya sa makunni ya fi ƙwai, don makunnin bango kowa zai iya dannawa.

Maman_Iman:
@Zee_Kaduna na gode ƙanwata, zan duba. Da ma ba wanda ya nuna mana, an ɗaura an karɓi kuɗi an tafi.

Bagusau:
Abin da Injiniya ya ce game da intanet ba tatsuniya ba ce. A watan Satumba na 2021 aka rufe layukan waya a Zamfara saboda matsalar tsaro, aka yi makonni ba sabis, wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato ma abin ya shafe su. Wani maƙwabcina yana da kyamarori huɗu da ba sa ajiye hoto sai a intanet. Daidai lokacin da aka fi bukatarsu suka zama kwalliya. Ni da nake da tsohon akwatin rikodin mai faifai a cikin gida, nawa bai tsaya ba.

Sadiq_IT:
Ba ma sai an rufe layi da gangan ba. Ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin intanet na ƙarƙashin teku guda huɗu suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, har bankuna suka rikice. Kuma ko a Amurka ba su tsira ba. A Afrilun 2022 kamfanin Insteon ya kashe sabarsa ba sanarwa, mutane suka wayi gari manhajarsu ba ta aiki, sai daga baya wasu masu amfani da kayan suka haɗa kuɗi suka sayi kamfanin suka tayar da shi. Kafin nan, a 2016, Nest ya kashe wata na'urar haɗa kayan gida mai suna Revolv da mutane suka saya da kuɗinsu. Gida kana gina shi don shekara arba'in ko hamsin. Kamfanin manhaja nawa ne zai kai haka?

Dan_Kurmi:
To kun gani. Maganata ta fito.

Injiniya_Sabo:
@Dan_Kurmi ba ta fito duka ba, Malam. Batir da solar da kake cewa a saya, su ne ma suka fi bukatar a sa musu hankali. A Turai abin nan na jin daɗi ne, a wurinmu na lissafin wuta ne.

Ga misali. Gida yana da sola da batir lithium. Da hantsi zuwa azahar batir ya cika, rana tana ta zuba, wutar tana tafiya a banza. Da daddare kuma yaro ya kunna hita ko injin ruwa ya tsotse batir, ƙarfe uku kowa yana fifita. Abin da ake so shi ne gidan ya san cajin batir: idan ya haura kashi 90 kuma akwai rana, injin ruwa ya tashi ya cika tanki, firiza ta yi ƙanƙararta, AC na falo ya samu izini. Idan ya sauko kashi 40, manyan kaya su fita da kansu, a bar fitila da fanka da firji. Wasu inbatocin ma da wannan suke zuwa, irin Deye akwai wata mafita da za ka saita ta ba da wuta sai batir ya kai adadin da ka zaɓa. Ba intanet, ba manhaja.

Don haka Alhaji, a raba maka allon bireka biyu tun yanzu: na ƙananan kaya da na manya. Wannan ne tushen komai.

Hajiya_Turai:
Ni duk wannan turancin bai dame ni ba. Tanki ne matsalata. Kullum sai ya cika ya yi ta zuba a bayan gida har gansakuka ta fito a katanga, ko kuma a manta har ya ƙafe ana tsakiyar wanki. Akwai maganin wannan?

Mai_Wayarin_Zariya:
Hajiya wannan ai mai sauƙi ne. Akwai wani ɗan ƙwallo da ake ratayawa cikin tanki, ruwa ya taso ya ɗaga shi inji ya mutu, ruwa ya sauka inji ya tashi. Duk mai sayar da kayan famfo yana da shi, kuma bai san wata intanet ba. Sai dai a ja kunnen wanda zai ɗaura: kada ya bi da wutar sumo kai tsaye ta cikinsa ko ta cikin ƙaramin makunnin waya. Yawancin waɗannan makunnan amfiya 10 ne, inji kuwa lokacin tashi yana jan ninkin abin da yake ci yana tafiya. Na sha buɗe akwati in tarar bakin rilen, wato ɗan ƙarfen da ke haɗa wuta ya raba a cikin makunnin, ya narke ya manne, inji yana ta gudu ba mai iya kashe shi. A sa kontakta, wato babban makunni mai jure wuta mai yawa, ta ɗauki nauyin, ƙaramin ya zama mai ba da umarni kawai. Hita da AC ma haka.

Hajiya_Turai:
Allah ya yi albarka ɗana. Ashe abin na kusa.

Ousmane_Yamai:
Salamu alaikum daga Yamai. Mu nan mun ga abin da ya fi naku. Bayan juyin mulkin Yulin 2023 Nijeriya ta yanke wutar da take ba mu, alhali kusan kashi 70 na wutarmu daga can take zuwa. Wanda bai taɓa tunanin sola ba ya yi. Abin da na lura, a watan Afrilu da zafi ke kai digiri 45, kayan da aka rufe cikin akwatin ƙarfe a jikin get ba sa daɗewa. Rana ta gasa su, hunturu ya zo ƙura ta cika su. Sansa mai gane motsi da na sa a waje, ƙura ta rufe mata ido, akuya ta wuce fitila ta kama, mutum ya wuce ta yi shiru. Duk abin da za a sa a waje a duba lambar IP da ke jikinsa, mai nuna juriyarsa ga ƙura da ruwa, 65 ko sama, kuma a yi masa inuwa.

Malam_Habu:
Ni wani ɓangare nake so a duba. Kyamara a get da bayan katanga ba laifi. Amma na ga gidajen da ake sawa har falon ciki da tsakar gida inda iyali ke zama ba lulluɓi. Wa ke ganin hoton nan? Yaron da ya ɗaura yana da kalmar sirri, abokinsa ma ƙila yana da ita. Kakanninmu da suka yi zaure sun san dalilin da ya sa baƙo ke tsayawa a nan. Yanzu mu da kanmu za mu shigo da idon baƙo har uwar ɗaka mu biya kuɗi.

Sadiq_IT:
Malam ya taɓo inda ke ciwo. A Oktoban 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta mamaye dubban ɗaruruwan kyamarori da akwatunan rikodin a duniya, aka yi amfani da su aka durƙusar da Twitter da Netflix da wasu manyan shafuka na sa'o'i. Ba wani tsafi aka yi ba, jerin kalmomin sirri na masana'anta kusan 60 kawai take gwadawa, irin admin da 12345, don mutane ba sa canzawa. Alhaji, in za a sa, asusun ya zama da imel ɗinka da lambarka, ba na mai ɗaurawa ba. Ranar da ya gama aiki ka canza komai a gabansa. Kyamara kuma ta tsaya a waje.

Uwargida_Ran_Gida:
Ku dai faɗi gaskiya, wasu mazan ba ɓarawo suke gadi ba, mu suke gadi. Yana ofis yana kirga wa ya shigo wa ya fita. Kuma a gidan da ke da mata biyu, wayar wa za a ba ikon AC? Ranar girkina a kashe mini daga ɗaya ɓangaren?

Dan_Kurmi:
Hajiya kin gama magana, a rufe zaure.

Zee_Kaduna:
Dariya a gefe, akwai gaskiya a ciki. Kakata tana zaune da mu, ba ta riƙe babbar waya, kuma Alexa, na'urar da ake ba umarni da baki, ba ta jin Hausa. Mai aiki ma haka, baƙon da ya kwana ma haka. Duk abin da ba shi da makunnin hannu a bango, an cire rabin mutanen gidan daga ciki. Get ma a tabbatar yana da makullin sakin inji don a tura da hannu. Ranar da gobara ta tashi ba waya za a tsaya nema ba.

Arc_Bilkisu:
Bari in shigo daga ɓangaren masu zane. A manyan gine-gine wannan ba sabon abu ba ne. Otal da asibiti da dogon ofis suna da tsarin da ke lura da injinan sanyaya iska, lif, famfunan ruwa da ƙararrawar gobara daga ɗaki guda. Yaren da injinan ke magana da shi, BACnet, tun 1995 aka fitar da shi a Amurka. A Turai kuma wani tsari mai suna KNX ya fi yawa, koriyar waya ce ake bi da ita ko'ina, kowane makunni yana ɗauke da nasa umarnin, don haka ɗaya ya mutu saura na aiki, kuma kamfanoni ɗaruruwa ne ke ƙera kayansa. In Alhaji yana da hali, shi ne mai ƙarko, amma da tsada, masu iya saita shi a nan ba su da yawa, kuma dole kafin filasta.

Misalin da ake yawan kawowa shi ne ginin The Edge a Amsterdam, mai sansa kusan 28,000. Fitilunsa ta wayar intanet suke samun wuta, kuma ginin ya san inda mutane suke, ɓangaren da ba kowa ba a ɓata masa sanyi ko haske.

Sai dai ni wanda ya fi burge ni yana Harare ne, Eastgate Centre, da aka buɗe a 1996. Mai zanen, Mick Pearce, ya ɗauki dabara daga surin gara: da dare fankoki su ja iska mai sanyi ta ratsa kankare, da rana kankaren ya riƙa shanye zafi, iska mai ɗumi ta fice ta bututun sama. Wanda ya taɓa shiga soron Gidan Makama da tsakar rana ya san wannan ba baƙon ilimi ba ne a wurinmu. Muna gina akwatin bulo mai inci shida, manyan tagogin gilas suna kallon yamma, kwano ba silin kirki, sannan mu nemo na'ura ta rage mana kuɗin AC. Alhaji, ka sa abin tare zafi a ƙarƙashin rufi, ka yi wa tagogin yamma rumfa, ka dasa darbejiya. Wannan ba ya bukatar caji.

Injiniya_Sabo:
@Arc_Bilkisu na yarda da rabi. Katangar ƙasa ba za ta kashe hitar da aka manta ba. Amma game da manyan gine-gine zan ƙara wani abu. Na shiga wani ofis a Abuja da aka kashe maƙudan kuɗi a irin wannan tsari. Allon yana nan a ɗakin kula, ƙura ta rufe shi, kowane inji an murɗa shi zuwa aikin hannu. Ɗan kwangila ya tafi da kalmar sirri da fayil ɗin saiti, ba a koya wa kowa ba, ba a ware kuɗin kulawa ba. AC na hawa biyar yana aiki ranar Lahadi ba kowa. A gida ma haka za ta faru in yaron ya tafi karatu waje ko ya canza layi.

Sadiq_IT:
Kuma ƙofar ɗan kwangila ƙofar ɓarawo ce. Satar bayanan katin banki kusan miliyan 40 da aka yi wa shagunan Target a Amurka a 2013, ta asusun kamfanin da ke kula musu da injinan sanyi aka shiga.

Lissafi_Dole:
Ku bari mu yi da lamba. A Afrilun 2024 aka kai yunit ɗin 'yan Band A, rukunin da aka yi wa alkawarin wuta mafi yawa, naira 225, daga baya aka ɗan rage. AC mai doki ɗaya da rabi, wanda ba inbata ba, yana cin sama da kilowat ɗaya kaɗan idan kwamfuresa na aiki. Awa takwas a ɗakin da ba kowa, yunit takwas zuwa tara ke nan, kusan naira dubu biyu a rana ɗaya a wancan farashin. Na'urar da za ta kashe shi in ɗaki ya zama wayam ta biya kanta da wuri. Amma ƙwan LED mai wat 9, ko ya kwana ya wuni a kunne bai kai rubu'in yunit ba. Su kuma makunnan masu ƙwaƙwalwa kowanne yana shan kusan wat ɗaya dare da rana. Ka sa talatin, ga rauta, ga kyamarori, ka ƙirƙiro wa batirinka sabon mai ci da ba ya barci. Ribar tana wurin AC da hita da injin ruwa, a fitila jin daɗi ne kawai.

Maman_Iman:
To jin daɗin ma ai wani abu ne. Ina shayarwa da dare, in rage haske daga kan gado ba tare da na tashi ba, ni ya yi mini. Fitilun waje kuma suna kamawa da magariba su mutu bayan asuba da kansu. Ba komai ne sai an mayar da kuɗi ba.

Mai_Wayarin_Zariya:
Wani abu da ba a faɗa ba: wutar da ke dawowa da ƙarfi. Kayan nan don wuta mai ƙarfin volt 230 aka yi su, wani lokaci ta zo ƙasa sosai, wani lokaci ta yi sama ta ƙone komai, balle in nutural ya tsinke a kan falwaya. A sa abin kariya a bakin allo mai yanke wuta in ta wuce iyaka, ya ɗan jira kafin ya mayar. A kafa ƙarfen as na gaske a ƙasa, ba guntun rodi ba. Zigbee kuma da Injiniya ke yabo, makunnan da ke kan wuta su ne ke miƙa wa juna saƙo. In rabinsu ba sa kan inbata, ana ɗauke wuta sarƙar ta tsinke.

Abban_Hanifa:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na kira yaron na yi masa tambayar Injiniya. Ya ce makunnan bango za su yi aiki da hannu, amma jadawali da kyamara sai da intanet. Ya kuma ce kayansa suna da Matter, wai shi ke nan ba matsala. Mene ne wannan kuma?

Sadiq_IT:
Yarjejeniya ce da Apple da Google da Amazon da Samsung da wasu suka shiga, ta fito a Oktoban 2022, don kayan kamfanoni daban-daban su fahimci juna, kuma umarni yana tafiya a cikin gida ba sai ya fita waje ba. Abu ne mai kyau. Amma in da gaske kayansa Matter ne, me ya sa jadawali ke neman intanet? Ka ce ya kawo kwali ɗaya ka ga tambarin da idonka, ya haɗa ɗaki guda, ka zare layin rauta, a ga abin da zai faru.

Dan_Kurmi:
Ni har yanzu ban ga wanda ya kare labulen ba.

Arc_Bilkisu:
@Dan_Kurmi zan kare shi kaɗan. In tagar yamma ce, labule ko makarin da ke rufe kansa da ƙarfe biyun rana yana rage zafin da AC zai yi faɗa da shi da yamma. Amma na waje ya fi na ciki, don in rana ta riga ta ratsa gilas zafin ya shigo.

Bagusau:
Alhaji ka tambaye shi kuma, in makunni ɗaya ya ƙone bayan shekara uku, akwai irinsa a Sabon Gari ko sai an yi oda?

Abban_Hanifa:
Zan tambaya. Nutural da fayif da allo biyu dai na riga na gaya wa mai wayarin, gobe zai zo mu zauna. Injiniya, ƙaramar kwamfutar nan da ka ce, wa zai riƙa kula da ita in ta rikice? Ni ko imel sai yarana sun buɗe mini.

Injiniya_Sabo:
To nan fa ake yin ta, Alhaji. Tana son mai hannu a kusa. Cikin yaran akwai mai sha'awar irin wannan?

Uwargida_Ran_Gida:
Ku ba 'yan matan gidan, sun fi mazan nutsuwa. Kuma har yanzu ba a ba ni amsar wayar wa za a sa AC ba.